Idan Yashi Ya Kwantar da Rijiyar Mai a Zurfin Teku: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ɗalibai masu karatun injiniyan man fetur da sababbin ma'aikata suka sha yi mini, wasu a aji, wasu a jirgi bayan an tashi daga aiki. Na jera su daga masu sauƙi zuwa masu zurfi, na kuma sa musu lambobi domin wata amsar takan jingina da wata.

1. Ta yaya ma yashi ke shiga rijiyar mai?

Mutane da yawa suna zaton mai yana kwance ne a ƙarƙashin ƙasa kamar tafki. Ba haka ba ne. Yana cikin 'yan ƙananan ƙofofi ne da ke tsakanin ƙwayoyin yashi, kamar yadda ruwa ke zama a cikin yashin rafi da rani, wanda sai an tona ya tsattsafo. Idan wannan yashin ya daɗe a binne, ƙwayoyinsa sukan manne da juna su zama dutse, mai ya riƙa ratsowa dutsen yana nan daram. Idan kuwa bai gama mannewa ba, to duk lokacin da aka ja mai da ƙarfi sai ya taho da ƙwayoyin.

Yashin da ke ƙarƙashin zurfin tekun Nijeriya irin na biyun ne. Kogin Kwara da Binuwai ne suka kwaso shi zuwa bakin teku, daga nan ya riƙa zaftarewa yana gangarawa can ƙasa, a zamanin da masana duwatsu ke kira Miyosin, wato tsakanin shekara miliyan 23 zuwa miliyan 5 da suka wuce. A lissafinsu wannan yashi yaro ne. Na taɓa riƙe wani guntu da aka yanko daga irin wannan shimfiɗa: baƙi ƙirin da mai, yana wari, ina matsa shi da babban yatsa sai ya ruguje kamar busasshen ƙulli-ƙulli. Wannan sakin jikin ne ya sa mai ke gudana a cikinsa da yawa, kuma shi ne ya sa yake biyo man.

2. Ina ake kira zurfin teku, kuma ina waɗannan rijiyoyi suke?

A dokar Nijeriya, duk inda zurfin ruwa ya wuce mita 200 ya shiga wannan aji. Amma manyan filayen mai sun zarce haka nesa ba kusa ba. Abo na kamfanin Agip ya fara ba da mai a 2003. Bonga na Shell ya biyo baya a 2005, kimanin kilomita 120 daga gaɓa, cikin ruwan da ya wuce mita 1,000. Sai Erha a 2006, Agbami a 2008, Akpo a 2009, Usan a 2012, da Egina a ƙarshen 2018. A Ghana akwai Jubilee da ya fara a Disambar 2010, a Angola akwai Girassol tun 2001. Brazil da Mashigin Tekun Meziko su ma suna fama da irin wannan yashin.

A yawancin waɗannan wurare bakin rijiyar yana zaune ne a ƙasan teku, bututai na kai man zuwa wani ƙaton jirgi mai ware man daga ruwa da gas ya kuma adana shi, wanda ake kira FPSO. Babu mai iya tafiya ya taɓa bakin rijiyar da hannu. Ka riƙe wannan, domin shi ne tushen amsa ta 10.

3. Wace irin ɓarna yashi ke yi har ake tsoronsa haka?

Ɓarnarsa iri biyu ce: yana toshewa, yana kuma ci. Idan gudun man bai kai ya ɗaga shi zuwa sama ba, sai ya kwanta a cikin rijiya, ya taru ya rufe ƙofofin da mai ke shigowa, har wata rana rijiyar ta yi shiru. Wanda ya samu ya fito kuma yakan kwanta a bututun da ke shimfiɗe a ƙasan teku, ko ya cika tankunan da ke raba mai da ruwa da gas a kan jirgi.

Cin ƙarfe ya fi ban tsoro. Ƙwayar yashi ta fi ƙarfen bututu tauri, kuma tana tafiya ne da gudu. Inda bututu ya yi gwiwa, da wurin bawul ɗin da ke rage gudun mai, wanda ma'aikata ke kira cok, nan take sara. An taɓa ajiye mana cikin wani cok da aka ciro a kan tebur. Gefe ɗaya sumul kamar sabo, ɗaya gefen kuwa da wani kwari mai santsi da ɗan yatsa zai shige, sai ka ce an yi shekaru ana wasa wuƙa a wurin. Kuma cin ba ya tafiya daidai da gudun: idan aka ninka gudu sau biyu, cin ƙarfe kan ninka kusan sau shida. Bututun da ya huje a ƙasan teku yana nufin malalar mai, saboda haka da zarar yashi ya wuce ƙa'ida ake rufe rijiya ko da tana da sauran mai mai yawa.

4. Ba a yin rigakafi tun lokacin da ake gina rijiyar?

Ana yi, kuma kusan babu rijiyar zurfin teku a irin wannan yashi da ake buɗewa ba tare da shi ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa ana haƙa rijiyar burtsatse a unguwarsu ya ga asalin dabarar: a zura bututu mai tsage-tsage, a zuba tsakuwa a kewayensa, ruwa ya wuce, rairayi ya tsaya. A rijiyar mai ma haka ne, sai dai komai an auna shi.

Dabarun iri-iri ne. Mafi sauƙi ita ce rariyar ƙarfe ita kaɗai, wato bututu da aka naɗe da waya ko saƙar ƙarfe mai ƙofofin da ba su wuce kaurin gashin kai biyu zuwa huɗu ba. Sai kuma rariya da tsakuwa, wadda ake kira girabul-fak. Tsakuwar nan ba irin ta gini ba ce, ƙwayarta ba ta kai milimita ɗaya ba, kuma ana zaɓen ta ne bisa ƙa'idar da wani injiniya mai suna Saucier ya wallafa a 1974: girman ƙwayar tsakuwa ya ninka na yashin wurin sau 5 zuwa 6. Ta uku ita ce firak-fak, inda ake tsaga shimfiɗar yashin da ƙarfin matsi a cusa tsakuwa cikin tsagar, sannan a cika kewayen rariya. Akwai kuma rariyar da ake buɗa ta bayan an zura, ta manne da bangon rami. Abin da wannan shafi ke magana a kai shi ne abin da ake yi bayan ɗaya daga cikin waɗannan ta gaza.

5. To me ke sa rariyar ta lalace?

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagewar kan fara ne daga toshewa. Laka da ƙananan ƙwayoyi suna liƙe wa rariya sannu a hankali. Idan kashi mai yawa na jikinta ya toshe, duk man sai ya koma yana kutsawa ta ɗan wurin da ya rage. Gudu ya ƙaru a wurin, ƙurar yashin da ke iya ratsa rariya ta fara goge wayar, ƙofa ta buɗe, manyan ƙwayoyi su samu hanya, daga nan kuma ramin ya yi ta faɗi. Rariya mai tsawon ɗaruruwan mita tana iya mutuwa saboda huji ɗaya da bai fi faɗin kwabo ba.

Wani lokaci laifin tun ranar gini ne: tsakuwa ba ta cika ko'ina ba, an bar gurbi, ko rariyar ta ji rauni wajen zura ta, ko ba a wanke taɓon haƙa da kyau ba. Wani lokaci kuma shekaru ne. Idan aka daɗe ana ɗibar mai, matsin da ke cikin ƙofofin yashi yana raguwa, nauyin ƙasar da ke sama ya koma kan ƙwayoyin, shimfiɗar ta danne, har ta lanƙwasa bututu ko ta murƙushe rariya. Akwai tsatsa, akwai kuma gaggawar buɗe rijiya, wadda na yi bayaninta a amsa ta 16.

6. Me ya sa ake cewa yashi abokin tafiyar ruwa ne?

Ɗebi yashi mai ɗan danshi ka dunƙule, zai tsaya. Zuba masa ruwa ya jiƙe sharkaf, sai ya narke ya bi ta tsakanin yatsunka. Ɗan danshin da ke tsakanin ƙwayoyi shi ke riƙe su, kuma idan ruwa ya cika wurin wannan riƙon ya tafi. Ruwan yakan kuma kumbura lakar da ke tsakanin ƙwayoyi ya tayar da ita. Shi ya sa rijiya za ta yi shekaru lafiya lau, ranar da ruwa ya fara biyo mai sai na'urar sauraron yashi ta fara kuka. Wannan yana da muhimmanci wajen zaɓen magani, domin idan daga shimfiɗa ɗaya ruwan da yashin ke fitowa, toshe wannan shimfiɗar kawai yana iya kashe tsuntsu biyu, kamar yadda za ka gani a amsa ta 12.

7. Yaya ake gane cewa rijiya ta fara kawo yashi?

Ana ɗaura na'urar sauraro a jikin bututu, jim kaɗan bayan gwiwa, tana jin ƙarar ƙwayoyi suna dukan ƙarfe. Akwai kuma ɗan ƙarfen gwaji da ake sa wa cikin hanyar mai a riƙa auna yadda yake sirancewa. A kan jirgi ana ɗibar samfuri a tace. Cok ma yana ba da labari: idan ba a taɓa shi ba amma mai ya ƙaru kuma matsi ya sauya, to ƙofarsa ce ta cinye.

Abin da na fi so sababbin ma'aikata su koya shi ne duba abin da aka tace ɗin da idonsu. Idan ƙura ce mai laushi kamar garin da aka tankaɗe, wataƙila rariyar tana nan lafiya, ƙurar ce kawai ke ratsawa. Idan akwai ƙwayoyin da suka fi ƙofar rariya girma, ta huje. Idan kuwa aka ga ƙwayoyin tsakuwar da aka zuba tun ranar gini, masu girma ɗaya, mulmulallu, to babu sauran gardama.

8. An tabbatar rariya ta huje. Yaya za a san daidai inda hujin yake?

Wannan ita ce tambayar da na fi damuwa da ita a duk shafin nan, domin nan ne ake yawan asarar kuɗi. Rijiya tana rufe, kowace rana ana lissafin gangunan da ba a samu ba, manya suna ta bugo waya, sai a ji kamar tsayawa bincike ɓata lokaci ne. Na taɓa zama a aikin da aka yi faci a inda kowa ya yi ittifaƙin cewa nan ne, bisa zato kawai. Aka sallami jirgin gyara, aka buɗe rijiya, ba a yi wata guda ba yashi ya dawo, don hujin yana can ƙasa da facin. Kuɗin binciken da aka ƙi kashewa bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin dawo da jirgin ba.

Binciken yana farawa ne daga takardu, kafin a taɓa rijiya. A ɗauko rahoton ranar da aka zuba tsakuwa, a ga ko adadin da ya shiga ya yi daidai da wanda aka lissafa. A duba tarihin buɗewa da rufewa, da ranar da ruwa ya fara zuwa, da ranar da na'urar sauraro ta fara motsi. Sau da yawa rabin amsar tana nan kwance a fayil.

Bayan haka sai a zura kayan awo da waya. Da farko a taɓo inda yashi ya tsaya a ɗebo samfuri. Akwai na'ura mai yatsu da yawa da ke shafa cikin bututu tana auna faɗinsa, akwai kyamara idan ruwan ciki ya yi garau, akwai na'urar da ke ƙirga dukan ƙwayoyi a kowane zurfi yayin da rijiya ke gudana, da wadda ke nuna ko tsakuwa na nan a bayan rariya ko ta zube. A wasu sababbin rijiyoyi an riga an shimfiɗa zaren gilashi mai ɗauke da haske tun daga sama har ƙasa, wanda ke zama kamar kunne a kowace mita. Gani ya kori ji, kuma a nan ganin yana da araha idan aka kwatanta da kuskure.

9. Ba za a iya rage gudun rijiyar kawai a ci gaba ba?

Za a iya, kuma shi ne matakin farko kusan kullum. Ana matse cok kaɗan-kaɗan har a kai gudun da yashi ya daina fitowa ko ya ragu zuwa abin da kayan aiki za su jure, a kuma sa na'urar da ke juya mai kamar guguwa ta ware yashi a kan jirgi. Da babu gara ba daɗi. Sai dai hujin ba ya warkewa don an rage gudu, kuma akwai tarko: idan gudun ya yi ƙasa sosai, yashin ba zai fito a gan shi ba, zai riƙa kwanciya ne a cikin rijiya ko a bututun ƙasan teku. Na'ura ta yi shiru, mutane su saki jiki, alhali ana cike rijiyar ne daga ƙasa. Ni dai ina ɗaukar rage gudu a matsayin sayen lokaci don a shirya abin da ke amsa ta 8 zuwa ta 15.

10. Me ya sa gyaran da ke da sauƙi a tudu yake zama babban aiki a zurfin teku?

A tudu mota ce za ta zo da kayan aiki ta tsaya kusa da rijiya. A zurfin mita 1,000 kuwa, matsin ruwa ya ninka na iskar da muke shaƙa kusan sau 100, babu haske, sanyin ya kai kusan digiri 4, kuma ba mai nutso da zai kai can. Na'ura mai hannuwa da kyamara ce ake turawa, ana sarrafa ta daga jirgi. Kafin a shiga rijiyar sai an kawo jirgin da zai iya tsayawa cak a wuri ɗaya da ƙarfin injinansa, a sauke kayan kariya a ɗora a kan bakin rijiya, a gwada su.

Jiragen iri-iri ne, kuma irin jirgin shi ke yanke irin gyaran. Ƙaramin jirgin gyara yana zura waya kai tsaye ta cikin ruwa zuwa bakin rijiya. Ya fi araha, amma aikinsa na waya ne: awo, sa toshi, sa faci, da tura sinadari. Idan ana bukatar a wanke yashi a dawo da shi sama, sai jirgi mai doguwar bututun da ke haɗa shi da bakin rijiya, wanda ake kira raiza. Idan kuma za a cire bututun cikin rijiya ko a haƙa sabon reshe, sai babban jirgin haƙa, wanda hayarsa kaɗai a 'yan shekarun nan takan kai dala 400,000 ko fiye a rana. Kuma ba a samun su a ajiye. Akan jira watanni, kaya su taso daga tashar jiragen ruwa ta Onne a jihar Ribas, shi ya sa kamfanoni ke tara rijiyoyi da yawa a gyara su a zuwa ɗaya.

11. Yaya ake kwashe yashin da ya riga ya cika rijiya?

Idan kaɗan ne, ana zura wani dogon gwangwani da waya ya riƙa ɗebowa, kamar yasar rijiya da guga. Idan da yawa ne sai koyil-tubin, wato siririn bututun ƙarfe mai kaurin inci 1 zuwa 3, mai tsawon kilomitoci, naɗe a ƙatuwar dabaran kamar zare. Ana tura shi cikin rijiya ana feso ruwa mai kauri ta bakinsa, ruwan ya tayar da yashi ya ɗauko shi zuwa sama. A tsohuwar rijiyar da matsinta ya ragu, shimfiɗar yashi takan shanye ruwan wankin maimakon ya dawo, sai a haɗa shi da iskar naitirojin ko a mai da shi kumfa don ya yi sauƙi. A rijiyar da ta kwanta a gicciye aikin ya fi wuya, don yashin yana sake kwanciya a bayan bututun, kuma idan aka yi garaje yakan danne shi ya maƙale. Wanki dai ba magani ba ne, share fage ne kafin a sa maganin.

12. Ana iya yi wa rariya faci?

Ana iyawa idan an san wurin, kuma idan wurin gajere ne. Ana zura guntun bututu mai roba a sama da ƙasa, a tsayar da shi daidai kan hujin, robobin su kumbura su kama bango, mai ya riƙa bi ta cikinsa. Akwai kuma facin ƙarfe da ake buɗawa ya manne, wanda ba ya rage faɗin hanya sosai. Idan ɓangaren da ya lalace shi ne na can ƙasa, kuma dama ruwa yake kawowa, sai a sa toshi a samansa a haƙura da shi. Abin lura shi ne man da aka hana shiga ta nan zai nemi wata hanya, gudu ya ƙaru a sauran rariyar, wadda ita ma ta tsufa.

Idan lalacewar ta yi yawa ko an kasa gano wurinta, sai a zura sabuwar rariya siririya cikin tsohuwar. Matsalarta ita ce dole ta wuce ta wurin da ya fi ƙunci a rijiyar, wanda galibi bawul ɗin kariya ne da ke can ƙasa da bakin rijiya, saboda haka ƙarama ce. Idan faɗin hanya ya ragu da rabi, filin da mai zai bi ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Kuma yashin da ke fesowa ta tsohon hujin zai riƙa dukan ta a wuri ɗaya. Don haka aka ƙero rariyar tangaran, wadda ake yi da zobba na wani tangaran mai tsananin tauri da yashi ba ya iya ci da sauri. Tana da tsada, tana bukatar a lallaɓa ta wajen zurawa, amma a rijiyar gas mai gudu sosai ni ita zan fara dubawa.

13. Za a iya sake zuba tsakuwa ba tare da an cire bututun rijiya ba?

Za a iya. Ana zura siririyar rariya ta cikin bututun, sannan a turo tsakuwa da koyil-tubin ta cika kewayenta. Yana aiki a gajeren wuri, a rijiyar da ba ta kwanta sosai ba, kuma wadda gudunta matsakaici ne. A rijiyar da aka gina don ta ba da dubban ganguna masu yawa a rana, ƙuncin hanyar da na ambata a amsa ta 12 yakan shaƙe ta, don haka sai an zauna an yi lissafi kafin a zaɓe shi.

14. Na ji ana manne yashin da sinadari. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. Ana tura wani danƙo mai ruwa-ruwa, wanda ake kira rezin, cikin yashin da ke kewaye da rijiya. Ya lulluɓe ƙwayoyi, sannan a biyo shi da wani ruwan da zai ture rarar daga ƙofofi, a bar shi zafin ƙasa ya daskarar da shi. Abin da ake nema shi ne ya manne ƙwayoyi a inda suke taɓa juna kaɗai, kamar yadda ƙaro ke riƙe tawada a jikin allo, ya bar hanyar mai a buɗe. Kyawunsa shi ne ba ya barin wani ƙarfe a cikin rijiya, kuma wani lokaci ƙaramin jirgi ya isa.

Wahalarsa ita ce ruwa ba ya zuwa inda aka aike shi, inda ya ga sauƙi yake bi. A doguwar rijiya mai shimfiɗu daban-daban, wata za ta sha ta ƙoshi, wata ko ɗigo ba za ta samu ba, kuma daga wadda ba ta samu ba yashin zai ci gaba da zuwa. Yana kuma rage gudun mai ko yaya, yashi mai laka da yawa ba ya karɓarsa da kyau, ƙarfinsa kuma yana raguwa da shekaru. Idan aka yi kuskuren lokaci ya daskare a cikin bututu, an sayi sabuwar matsala. Ba na yarda a tura shi sai an gwada a ɗakin gwaji da ainihin yashin wannan rijiyar, a zafin da ke can ƙasa.

15. Yaushe ake haƙura da gyara a haƙa sabon reshe?

Idan bututu ya murƙushe, ko rariya ta lalace a wurare da yawa, ko kuma man da ya rage yana da yawan da ƙaramar hanya ba za ta iya fitar da shi kafin jirgin FPSO ya tsufa ba. Sai a toshe ƙasan rijiyar da siminti, a yanka taga a jikin bututu, a haƙa reshe zuwa sabon wuri a gina masa rigakafi irin na amsa ta 4. Shi ne mafi tsada, shi ne kuma kaɗai ke ba da sabuwar rariya mai cikakken faɗi.

Zaɓin yana rataye ne a kan tambayoyi kaɗan: ganga nawa suka rage a wannan wuri, ko rijiyar maƙwabciya za ta iya janyo su, wane jirgi ake da shi kuma yaushe, sannan idan gyara mai araha ya gaza nawa aka yi asara. Akwai rijiyar da amsarta ta gaskiya ita ce a rufe ta har abada. Abin da nake roƙo kawai shi ne kada a haƙa reshe a maimaita irin ginin da ya gaza ba tare da an fahimci dalilin gazawarsa ba.

16. Bayan gyara, rijiyar za ta koma kamar da?

Da wuya, in ba sabon reshe ba ne. Faci da ƙaramar rariya da rezin duk suna cin wani abu daga gudun mai. Amma rijiyar da take rufe ta koma ba da rabin abin da ta saba, wannan riba ce babba.

Yadda aka buɗe ta a kwanakin farko shi ke yanke tsawon ran gyaran. Ƙwayoyin yashi suna jeruwa ne a bakin kowace ƙofa su tokare juna kamar bakan ginin soro, kuma wannan bakan shi ke tare na bayansu. Idan aka buɗe cok farat ɗaya, bambancin matsi ya rushe shi. Don haka ake buɗewa mataki-mataki, a tsaya sa'o'i a kowane mataki ana kallon na'urar sauraro da ma'aunin matsi, sai sun lafa a ƙara. Sannu ba ta hana zuwa. Haka za a yi duk lokacin da jirgi ya tsaya ba zato aka sake tayarwa, ko da ƙarfe uku na dare ne kuma kowa ya gaji. Ya kamata iyakar matsin da aka yarda a ja rijiyar da shi ta kasance a rubuce a gaban mai kula da allon sarrafa rijiya a kan jirgi, ba a kwamfutar injiniyan da ke ofis a Legas ba.

17. Wane haɗari ke cikin aikin kansa, kuma wa ke sa ido?

Shiga rijiya mai rai yana nufin buɗe hanya tsakanin mai da gas masu matsi da jirgin da mutane ke kwana a ciki. Ƙa'idar ita ce a kowane lokaci a samu shinge biyu da aka gwada, idan ɗaya ya gaza ɗaya ya riƙe. Duniya ta ga abin da gazawar shinge ke jawowa a 2010 a Mashigin Tekun Meziko, lokacin da jirgin haƙa na Deepwater Horizon ya kama da wuta, mutum 11 suka rasu. A rijiyar da ta sha yashi akwai ƙarin damuwa, don wataƙila yashin ya riga ya ci bawul ɗin da ake dogara da shi. Sai kuma ƙanƙarar gas: idan gas ya haɗu da ruwa cikin sanyi da matsin ƙasan teku, yakan daskare ya toshe hanya, shi ya sa ake ta tura sinadarin metanol ko gilaikol.

A Nijeriya hukumar NUPRC, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa a madadin tsohuwar hukumar DPR, ita ke ba da izinin irin wannan aiki. NOSDRA ke kula da batun malalar mai, NCDMB kuma ke bin dokar 2010 da ta tanadi kason 'yan ƙasa a ayyuka da kwangiloli. Yashin da aka fitar ma ba a watsa shi haka nan, don yana jiƙe da mai, wani lokaci kuma yana ɗauke da ɓurɓushin ma'adinai masu fitar da tururin radiyeshan, sai an auna shi an wanke ko an kai shi tudu.

18. Rijiyoyin da ake tura ruwa cikinsu fa? Ai su ba sa jan komai.

Su ma yashi yana kashe su, kuma mutuwarsu tana shafar rijiyoyin mai da ke kewaye, don ruwan da suke turawa shi ke riƙe matsin filin. Yawancin filayen da na ambata a amsa ta 2 da turin ruwa suke rayuwa. Muddin famfo na aiki, ruwan yana danne yashi a wurinsa. Matsalar tana zuwa ne lokacin da famfo ya tsaya farat ɗaya. Dogon ginshiƙin ruwa mai tsawon kilomitoci da ke gudu ya tsaya cak, bugun ya riƙa kai da komo a cikin bututu yana girgiza yashin da dama a jiƙe yake. Sannan shimfiɗar da matsinta ya fi yawa ta fara mayar da ruwa cikin rijiya zuwa wadda matsinta ya yi ƙasa, tana tafe da yashi. Idan aka sake kunna famfo kafin ya lafa, sai a cusa shi cikin rariya daga ciki.

Gyaran ya yi kama da na amsa ta 11 da ta 12: a wanke, a gano wurin, a yi faci ko a sa sabuwar rariya. Ana kuma iya sa bawul a can ƙasa wanda ke barin ruwa ya sauka amma ya hana shi dawowa. A ɓangaren aiki kuwa, ana daidaita bawul ɗin sama ya riƙa rufewa a hankali, kuma bayan kowace tsayawa a ba rijiyar 'yan sa'o'i yashin ya kwanta can ƙasa da rariya kafin a sake tura ruwa.